Tambayar da Shatu Ba Ta Amsa Ba

A Zango, in aka ce man gyaɗa mai kyau, gidan Shatu ake nufi. Tun tana budurwa take matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, da sana'ar ta aurar da 'ya'yanta mata, ta kuma riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Mace ce marar yawan magana, irin wadda ko haihuwa take yi maƙwabta ba sa jin motsinta sai kukan jariri. Mutane suna yaba mata wannan hali, ni kuwa da na san ƙarshen labarinta har yau haushinsa nake ji.

Yayanta Maliki, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, shi kam sarkin surutu ne. Ciwon zuciya gadon gidansu ne, kuma shi ya fara kamawa. Aka kai shi wani asibiti a Kano, aka zura masa ɗan siririn ƙarfe ya buɗe jijiyar da ta toshe. Ya dawo yana ba da labari a kowace majalisa, har mai shayin unguwa ya haddace sunan maganinsa.

Da abin ya zo kan Shatu, ta daɗe tana shan maganin olsa kafin a gane zuciya ce. Maliki bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya sayar da bijimai, ya kai ta inda aka yi masa, aka sa mata irin ƙarfensa. Likita ya ba ta ƙwayar tsinka jini, ya ja mata kunne cewa in ta daina sha, jini zai daskare a kan ƙarfen, kuma ba lallai ta kai asibiti ba.

Ta sha yadda aka ce. Amma Shatu ba ta kai shekarun daina al'ada ba, sai ƙwayar ta sa jinin ya ƙi ɗaukewa. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Ta rasa ranar da za ta yi salla da ranar da za ta bari, ga azumi yana matsowa. Tana zuwa islamiyyar matan aure da aka buɗe bayan ƙaddamar da shari'a, sai dai malamin namiji ne, sa'an ɗanta. Da ta tambaya, da ta ji cewa irin wannan jinin ba ya hana ibada. Kunya ta ɗaure mata baki.

Ranar komawa asibiti Maliki ya raka ta, ya shige ofishin likita ya zauna kusa da ita, don a ganinsa shi ne ya san hanya. Likita ya tambaya ko tana ganin zubar jini ta wani wuri. Shatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Kafin ta samo kalmar da za a iya faɗa gaban yaya, Maliki ya yi dariya.

"Lafiyarta lau, likita. Ai maganinmu ɗaya, ni ban ga komai ba."

Da aka ga wata, sai ta ajiye ƙwayar. Jinin ya ɗauke, ta yi wanka, ta ɗauki azumi cikin farin cikin da ta daɗe ba ta yi ba. A goman tsakiya, tana tace kunun buɗa-baki, ta dafe ƙirji ta zauna. Motar da ta ɗauke ta ba ta kai asibitin Daura ba rai ya yi halinsa.

A zaman makoki maza suka yi ta cewa jikin mace ba ya ɗaukar irin wannan aiki, ga Maliki nan garau. Shi ma ya yarda da haka, har sai da Hadijatu, aminiyar marigayiyar, ta kira shi soro. Tsohuwa ce da ta wuce jin nauyin kowa, ta faɗa masa komai dalla-dalla, ta ce ita ma sai ana gobe rasuwar Shatu ta gaya mata.

 Maliki ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Yaya Hadijatu, ai likita ya tambaye ta. A gabana ya tambaye ta."

"To, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ni na amsa."