Abin da Ke Ƙirjin Malama Hadiza

Ranar Talata da hantsi, ina mayar da littattafan da ɗalibai suka dawo da su kan kanta a ɗakin karatu na jami'a, wayata ta yi ƙara. Fa'iza ce, babbar 'yar Malama Hadiza. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ita da kullum sai ta tambaye ni har lafiyar kajina. Cewa kawai ta yi, "Anti Rahila, Allah ya yi wa Mama rasuwa. Bayan azahar za a kai ta." Na ce mata to, kamar wadda aka aika kasuwa. Sai da ta kashe wayar na lura akwai littafi a hannuna, na yi ta juya shi na rasa inda zan ajiye. Kwana tara kacal Malama ta yi a kwance. Ranar Asabar ma na je duba ta, har ta samu ƙarfin yi mini faɗa wai lemon da na kawo mata tsami gare shi.

Ni 'yar kudancin Gombe ce, Kirista, aiki ne ya kawo ni Wudil. Shekarata ta farko a garin nan daga ofis sai ɗaki, daga ɗaki sai coci. A mota muka haɗu da Malama, muna dawowa daga Kano. Ina karanta wani littafin Hausa a waya, ashe dattijuwar da ke kusa da ni tana leƙe ta saman gilashinta. Muna hawa gada sai ta taɓa ni ta ce, "'Yata, kin kai inda aka sace akuyar? In ba ki kai ba in yi shiru." Kafin mu sauka ta karɓi lambata. Da yamma sai na gan ni a cikin wani zaure na waya, na mata masu karatun littattafai, an rubuta mini sannu da zuwa ya fi sau ashirin.

Malama tsohuwar malamar firamare ce, 'yar Utai, ta yi ritaya amma ba ta ajiye halin malanta ba. Ita ta kafa zauren. Akwai malamai a cikinmu, da 'yan kasuwa, da matan gida, da ɗalibai. Muna bin labaran da marubuta ke sakewa shafi-shafi, mu yi ta surutu a kansu. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma, bayan la'asar, sai mu hallara a tsakar gidanta. Ta shimfiɗa babbar tabarma a gindin darbejiya, ta fito da zoɓo da dafaffiyar gyaɗa, da wani littafin rubutu mai baƙin bango wanda ba ta yarda kowa ya taɓa.

Duk wanda ya zauna da masu son labari ya san abin da ke haɗa su faɗa. Wata ta ce kaza ya faru, wata ta ce bai faru ba, alhali ɗaya tana faɗar abin da ta karanta ne, ɗayar kuma abin da ranta ya ƙara. Malama ta gaji da rabon faɗa, sai ta kafa mana doka. Duk wadda za ta yi magana a kan labari, sai ta fara faɗar irin maganar da ta kawo. Abin da marubuciya ta rubuta da hannunta, wanda za a iya buɗe shafi a nuna, shi ta kira na takarda. Abin da mace ta ƙulla wa labarin a ranta ita kaɗai, kamar dalilin da ya sa wane ba ya dariya, shi ne na ƙirji. In kuwa na ƙirjin wata ya yi wa kowa daɗi, aka tattauna aka amince baki ɗaya a wurin zama, to ya zama na tabarma. Ɗaliban cikinmu sun ce mata ai Turawa ma suna da sunayen waɗannan abubuwa, suka karanto mata. Ta saurara da kyau, sannan ta ce, "Madalla. Su riƙe nasu, mu namu ya ishe mu."

A cikin baƙin littafin nan take rubuta komai. Ta ja layi da rula ta raba kowane shafi gida uku, kamar rajistar aji. Kuma ba ta sassauci. Na tuna wata jaruma mai suna Asabe, a wani labari na masunta da muka daɗe muna so. Shekara biyu muna yabon wushiryar Asabe. Har wata a cikinmu ta haifi 'ya, aka yi ta addu'ar Allah ya ba ta wushirya irin ta Asabe. Ran nan Malama ta sa muka bi labarin daga farko har ƙarshe, babu inda aka ambaci haƙoranta ko sau ɗaya. Ta buɗe littafinta ta nuna mana ranar da mu da kanmu muka ɗora mata wushiryar. Muka yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kun gani ko? Don abu ya daɗe a tabarma ba shi zai mai da shi takarda ba. Mu so shi, amma mu san inda muka samo shi."

A kan wannan labarin ne na kusa rasa su gaba ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu.

Asabe tana da ƙane, Habu, wanda ya hau babbar mota ya tafi kudu neman aiki. Daga nan marubuciyar ba ta sake ambatonsa ba, ko mantawa ta yi ko da gangan, oho. Wata Asabar ana hirar ƙarshen labarin, sai na ce ni inda ya fi taɓa ni shi ne ranar bikin Asabe, da Habu ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa. Hajiya Larai, mai sayar da atamfa, wadda bakinta ba ya jiran kowa, ta ce, "Rahila, wannan na ƙirji ne ko?" Na ce a'a, na takarda ne, da idona na karanta. Aka zaro wayoyi aka shiga nema. Ina ta rantsuwa, muryata tana hawa, su kuma dariya ta fara kama su. Hajiya Larai ta ce, "To wataƙila naki littafin daban ne, daga Gombe aka aiko miki da shi." Wasa take yi, na sani yanzu. A ranar dai ji na yi an tuna mini ni baƙuwa ce. Na juya wurin Malama ina jiran ta tsaya mini. Ta cire gilashinta ta ce, "Rahila, babu shi a takarda." Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi ba. Kafin in isa gida na fice daga zaurenmu na waya.

Abin da babu wanda ya sani a Wudil shi ne ina da ƙane, Ishaya. Shi ma mota ya hau ya tafi Legas. Ya kira mu sau biyu, daga nan shiru, shekara shida a lokacin. Ba ƙarya na yi musu ba. Har ga Allah na yi imani na karanta dawowar Habu, har launin jakar ina iya faɗa.

Washegari na dawo daga coci na tarar da Malama zaune a dandamalin ƙofata, cikin rana, da baƙin littafinta a cinya. Mace mai ciwon gwiwa, ta hau babur ta zo har unguwarmu. Na gaishe ta a daƙile, ta amsa da cikakkiyar gaisuwa kamar ba abin da ya faru, har ta tambayi mutanen gida. Da muka shiga ɗaki na ba ta ruwa, ta sha, sannan ta ce, "'Yata, wa ya tafi bai dawo ba?"

Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ko a gaban mahaifiyata. Ta bar ni sai da na gama, sannan na ba ta labarin Ishaya. Ba ta ce mini zai dawo ba, kuma ba ta ce in haƙura in cire rai ba. Abin da ta ce shi ne, "Ba zan ce miki yana takarda ba, don babu shi. In na yi miki wannan ƙaryar yau, gobe in na faɗa miki gaskiya ba za ki yarda da ni ba. Amma ƙirjinki naki ne. Laifina ne da na bari aka nemi shafi a kansa." Ta buɗe littafin a gabana, ta rubuta a gidan tsakiya: "Rahila: Habu ya dawo ranar biki." Ta ɗauki wayata da kanta ta miƙo mini ta ce in buɗe, za ta mayar da ni zaure, ita ba ta iya zama da tabarma mai giɓi ba.

A zama na gaba ta ƙara doka guda: na ƙirji ba a tambayarsa shafi, ba a kuma yi masa dariya. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Hajiya Larai, da kunya ta ishe ta, ta ce to a ɗora dawowar Habu a tabarma mana kowa ya huta. Malama ta ƙi. Ta ce ba a ɗora abu a tabarma don tausayi, sai in an yarda da shi. A lokacin na ɗan ji zafi, daga baya na gode mata, don da ta yarda da sun mai da shi abin lallashi, ni kuwa ba lallashi nake nema ba. Hajiya Larai dai ta cika mini kofi da zoɓo har sau biyu, wanda a wurinta shi ne ban-haƙuri.

Abu ɗaya Malama ba ta taɓa yi ba, shi ne faɗar nata na ƙirjin. Mun yi roƙon duniya. Sai ta yi dariya ta ce mai riƙe da rajista ba ta amsa suna. Har muka haƙura muka ce wataƙila malanta ce ta cinye mata wannan ɓangaren.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Fa'iza ta ja ni ɗakin mahaifiyarta ta miƙo mini baƙin littafin. Ta ce Mama ta ce ni za a ba, tunda aikina ke nan ajiye littattafai. Na buɗe shafin labarin masunta. Ga sunana inda ta rubuta shi a gabana. A ƙarƙashinsa kuma, da wani biro daban, akwai layi ɗaya da ban taɓa gani ba: "Hadiza: Ni ma a wurina ya dawo. Kuma ya tarar yayarsa ta ajiye masa abinci." Na bi littafin shafi-shafi, babu wani wuri da ta sa sunanta sai nan. Ina riƙe da shi, sai Fa'iza ta ce, "Anti, don Allah wane ne Ishaya? Kullum in Mama ta idar da salla sai mun ji ta ambace shi a addu'a. Mun tambaye ta, ta ce ba namu ba ne."

Ishaya bai dawo ba har yau. Wannan na takarda ne, kuma ita ta koya mini in iya faɗar haka ba tare da na saki abin da ke ƙirjina ba. Na zo garin nan ba ni da kowa, ta ba ni wurin zama, ta faɗa mini gaskiya ranar da ba na son jin ta, sannan ta ɗauki ƙanena da ba ta taɓa gani ba ta sa shi cikin 'ya'yanta a gaban Ubangiji, shekara da shekaru, ba ta ko gaya mini ba. Na gode, Malama. Ban samu na faɗa miki da baki ba.

Tun a zaman makoki na fara jin ana cewa ta san ranarta, wai shi ya sa ta raba kayanta. Da tana nan da ta cire gilashi ta tambayi shafi. Abin da na rubuta a nan, abin da na gani ne da idona.

Allah ya jiƙan Malama Hadiza, ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta. Yadda ta rufa mini asiri, Allah ya rufa mata nata. Allah ya ba maigidanta Malam Sule haƙurin wannan rashi, ya raya Fa'iza da ƙannenta, ya haɗa kansu, ya ba su masu tsaya musu kamar yadda mahaifiyarsu ta tsaya wa 'ya'yan wasu. Mu kuma matan tabarma, Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ta bari. Addu'ar da take yi wa nawa, daga yau ni zan riƙa yi wa nata, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, muddin ina numfashi. Amin.