Kawu Sanda da Tukunyar Shaida

Duk wanda ya san Kawu Sanda a Gangara ya san ba ya cinye tuwonsa. Sai ya gutsuri loma huɗu ya jera a sakainu, ya yayyafa wa ɗaya jiƙon bedi, ɗaya sabara, ɗaya bagaruwa, ta huɗun ya bar ta ba magani, wai ita ce shaida, da ita zai gwada sauran. Ya tura ƙarƙashin gado yana jiran ya ga wadda hunhuna, baƙin ruɓin nan, za ta fara ci.

Ba banza ba. Wata shekara ruwan ƙarshen damina ya daki gyadarmu, hunhuna ta cinye irin da kakanmu ya zo da shi daga ƙetaren iyaka, saura tiya guda. Ran nan Kawu ya ɗaura yaƙi.

Inna Hajo, matarsa, ta sha wari har ta gaji.

"Malam, mi kake kiwo ƙarƙashin gadon ga?"

"Abokan gaba nike kiwo, in ga abin da ba su so."

"To ni dai na san abin da ban so!"

Rannan akuyar maƙwabci ta kutsa ta lashe sakainun kaf. Kawu ya bi ta har bakin kasuwa, ba don ya doke ta ba. Sai tambayar mutane yake, "Wace ta fara ci? Wa ya gani?" Wallahi har yau ban gane amfanin shaidar akuya ba.

Da kaka, haka yake wa tukwanen iri: kowace da maganinta, ɗaya babu. Na ce, "Kawu, wannan ai asara ce da gangan." Ya harare ni.

"Kai yaro, in ba ka bar ma ɓarawo ƙofa guda ba, ƙaƙa za ka san ya zo?"

Bara ya rasu ana tsakiyar roron gyada. Ran sadakar bakwai aka tashi neman sirrin maganin, sai rikici! Ni ya ce mini sabara ce. Inna ta rantse bedi ya faɗa mata. Liman ya ce shi kam bagaruwa ya ji. Ga iri a tsakar gida, mai magani yana kabari. Inna ta ce a yi yadda ya saba, har da shaidar.

Da bazara muka buɗe tukwane gabanmu na faɗuwa. Ta bedi lafiya, ta sabara lafiya, ta bagaruwa lafiya. Muka buɗe shaida: gyada tas, ko ɗigon baƙi babu! Muka tsaya kallon-kallo, to wanne ne maganin? Inna ta daɗe tana juya gyadar a tafinta.

"Ba ta zo ba," ta ce. "Ta san abokin faɗan nata ba ya nan."

Muka kwashe da dariya, sai muka ga ita hawaye take.

Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya sanyaya makwancinsa. Irin da ya tsare mana, Allah Ya sa ya tsira.