Takardar da na ara wa maƙwabciyata

Shekarar da munka baro ƙauye munka zauna garin Isa, jikata ta samu aiki a wani asibiti, tana rubuta wa kwamfuta umarni da harshen da shafukan intanet ke ji. In ta danna, sai na'ura ta haifo wa mara lafiya lamba, baƙaƙe da alƙaluma cakuɗe, sun fi yatsun hannu da na ƙafa yawa. Daga nan a aika ta rumbun da sauran asibitoci ke leƙawa.

Ta buga mini tawa a takarda, don karɓar maganin hawan jini.

"Kaka, wagga lamba babu mai irinta, daga nan har Makka."

"Mi za ni yi da abin da ba kowa ke da irinsa ba? Tsagar fuskata ma duk Gobir muna tarayya."

Ta yi dariya, ta ce in dai adana.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, mutuniyar Kurawa, ƙafafunta sunka kumbura. Layin rajistar asibiti kuwa sai mai ƙarfin tsayuwa. Na kwance takardar daga bakin zane na miƙa mata, yadda nake miƙa mata rariya da garwashin wuta. Anka kwantar da ita, kwana uku ta cika. Allah shi jiƙanta. Takardar ta dawo mini cikin kwanon abincinta.

Da maganina ya ƙare, na tafi. Malamin asibiti ya duba allon kwamfuta, ya dube ni, ya sake duba allon.

"Inna, mai wagga lamba ta rasu."

"Ɗana, ga ni tsaye gabanka."

"Na gan ki, Inna. Amma ba a ba mamaci magani."

Na koma gida hannu wofi, ƙeyata na sara. Kwana tara na yi haka, ko sunkuyon alwala sai na dafa bango. Jikata ta yi ta faɗa, wai wa ke aron lamba. Na ce wa ke hana maƙwabci abin hannunsa? Ta ce lambar da anka rufe ba ta buɗuwa, sai dai a haifo sabuwa. Ta danna, wata ta faɗo, ba ko bisimilla. Anka auna ni daga farko kamar jinjirar jiya, sannan anka ba ni ƙwayoyina. Tsohuwar lambar na can da sunana a kai, an rubuta na mutu, ita kuwa baiwar Allah ko'ina ba a rubuta ta taɓa zuwa duniya ba. Tir.

Da damina wata maƙwabciya ta shigo da zazzaɓi, ta ce in ara mata takardar. Tun ina yarinya ban taɓa ce wa mai shigowa gidana a'a ba. Na dafe bakin zanena na ce mata takardar ta ɓace. Ta kalli ƙullin, ta ce Allah shi bayyana ta, ta fita.