Baba Dakata da Safiyar da Kwamfutar Auta Ta Yi Shiru

Ƙarfe bakwai na safe yake ɗaga ƙofar shagonsa, yau shekara ashirin da shida. Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai ɗinki da mai yankan gilashi. Sai ya goge teburi, ya jera sukundireba daga ƙarami zuwa babba, ya rataya tabarau a wuya, sannan ya zauna jiran wanda kwamfutarsa ta yi gardama. Duk unguwa Baba Dakata ake ce masa, domin duk wanda ya shigo a firgice yana cewa a buɗe inji, amsa ɗaya yake samu: "Dakata tukuna. Me ya canza tun jiya?" Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannunsa ya soma rawa, ya ce ba zai zauna yana ɓata kayan mutane ba.

Mai ɗinki ta ba ni labarin wani malamin makaranta da ya kinkimo kwamfutarsa yana gumi, ya riga ya yanke mata hukuncin mutuwa don ta daina magana. Baba ya leƙa bayanta, ya zare wayar lasifika daga ramin makirfo, ya mai da ita koren ramin da sauti ke fita. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, malam. Ta kunne kake ba ta abinci." Irin wannan labari kowane gida a layin nan yana da nasa. Ga namu, wanda na gani da idona.

Ƙanwata Auta ta rasa ganinta tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Kwamfutar da ke ɗakin Mama ita ce idonta: akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ke kan allo, ita kuma tana bugawa. Da haka ta yi karatun shekara uku daga gida. Ranar jarrabawarta ta ƙarshe, za a buɗe shafi ƙarfe goma, a rufe shiga goma da kwata. Wanda bai shiga ba sai baɗi.

Tara saura kwata ta ƙwala mini kira. "Yaya! Ba ta magana."

Allo na kunne, komai na nan, amma babu ko ƙis. Na ƙara murya har ƙarshe, na kashe na kunna. Shiru. Na ce, "To ni zan riƙa karanta miki."

Ta ce, "Kyamara na kallona, Yaya. Masu jarrabawa suka ji muryar wani a ɗakin, sun soke ni."

Aron ta maƙwabta ma ba zai yi ba, domin a kan wannan aka yi mata rajista. Mama ta zauna bakin gado tana jan carbi. Na kira Baba Dakata.

Tara da minti biyar ya iso yana haki. Bai taɓa komai ba sai da ya tambaya, "'Yata, me ya canza tun jiya?"

"Na bar ta a kunne, ta ce za ta sabunta kanta. Da asuba kuma wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi."

Ya ce, "Abu biyu ke nan. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya jona lasifikar a wayarsa, ta yi ƙara, ashe ita lafiya lau take. Ya sa abin kunne a ramin gaba, shiru. A ƙasan allo kuwa alamar lasifika na ɗauke da jan gicciye. Ya ce wataƙila sabuntawar ce ta lalata manhajar da ke haɗa injin da sauti, bari ya mai da tsohuwar. Ya mayar, ya sake kunnawa. Sai allon ya rubuta a jira, kada a kashe, wani ɗan zobe ya shiga juyawa. Ban taɓa tsanar wani abu kamar zoben nan ba. Minti goma sha bakwai yana juyi. Auta ta kafa yatsu a kan madannai, ba ta ko motsi.

Da ta buɗe, jan gicciyen na nan.

Mama ta ce, "Malam, ka faɗa mana gaskiya."

Ya durƙusa da ƙyar, ya cire murfin gefe, ya kai hanci ya shinshina. "Gaskiyar ita ce, wutar asuba ta ƙona sashen sauti. Yau ba ya gyaruwa."

Auta ta sauke hannuwanta kan cinya. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ciwo.

Ya ce, "Ban ce an gama ba, 'yata. Za mu zagaye shi. Akwai ɗan abin sauti da ake sokawa ta waje, yana jikin kwamfutata a shago."

Goma saura ashirin ya hau babur. Na tsaya a ƙofa ina kallon kwana. Goma ta buga, babu shi. Na kira wayarsa, sai na ji tana ringi a kan teburin Auta. Ashe wata babbar mota ce ta lalace ta toshe titi. Ya jingine babur a bakin hanya, ya taho da ƙafa, dattijo mai ciwon gwiwa. Goma da minti shida ya faɗo ɗakin, riga sharkaf, a hannunsa wani abu da bai fi ɗan yatsa ba.

Ya kai shi rami, hannu ya ƙi tsayawa. Sau biyu yana kuskurewa. Na miƙa hannu, ya girgiza kai. Ya sa shi a tafin Auta. "Ke kika fi mu sanin injin nan. Rami na biyu daga sama."

Ta lalubo, ta soka. Ya jona abin kunne, ya zaɓi sabuwar hanyar sauti, ya ɗora mata a ka. Muka zuba mata ido. Sai leɓenta ya motsa.

"Tana magana. Ku fita! Ku fita duka!"

Goma da minti goma sha ɗaya ta shiga shafin jarrabawar.

Na ce wa Baba ya je ya huta. Ya ƙi. Ya zauna a dakalin ƙofar gida, shagonsa a rufe, babur ɗinsa a yashe a titi, har awa uku, don kada sautin ya sake ɗaukewa a rasa mai taimako. Ruwa kawai ya karɓa. Sai da ya ji Auta ta buɗe ƙofa tana dariya sannan ya miƙe, yana dafa bango.

Baba, kai ne mai gyaran da ba ya ɓoye wa mai kaya gaskiya, kuma ba ya barinsa da ita shi kaɗai. Kai ne wanda ya san cewa bayan kowane inji akwai mutumin da ke jira. Auta ta ci jarrabawarta. Yanzu tana koyar da makafi goma sha biyu amfani da kwamfuta, kuma ba su san sunanka ba. Mu mun sani. Mun gode, Allah ya ba da lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, saura kwanaki kaɗan shagon ya rufe. Ku je ku zauna kusa da shi, ku yi shiru, ku ga yadda ake sauraron mutum kafin a taɓa kayansa.