Siket ɗin da Ya Ƙi Hawa Babur a Karaye

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, takarduna a jaka, siket ɗin atamfar da na ɗinka da hannuna a jikina. Wata makaranta mai zaman kanta a wajen Rogo Ruma ce ke neman mai koyar da lissafi, an ce in bayyana kafin azahar. Tun da na gama jarrabawar ƙarshe nake yawon ofisoshi a birni. Wasu su ce za su kira, wasu ko kujera ba sa nuna mini. Wannan ne karon farko da aka kira ni.

Hanyar Gwarzo ta canza, amma gonaki suna nan yadda na san su: dawa ta fi mutum tsayi, mata suna tugar gyaɗa. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, har yayana ya tambayi kwandasta ko da karin kumallo a ciki. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa ta taga. Ɗanɗanonta ya mayar da ni hutun makaranta, lokacin da ake kawo ni Karaye wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. A kan kekenta na koyi ɗinki. Na yi shekaru ban leƙa ta ba, kuma ranar ma ban yi niyya ba.

A tashar Karaye motar Rogo ta ƙi cika, rana tana ɗagawa, sai muka yanke shawarar hawa babur. Ni kuwa na yanka siket ɗin ne irin na 'yan ofis, ɗamamme, na kuma datse rarar yadin ciki tsaf don ɗinkin ya kwanta. Ina ɗaga ƙafa na ji ɓarat, daga gwiwa har ƙasa. Mai babur ya juya kai yana kallon sama kamar ya hango hadari. Allah ya sa hijabina dogo ne. Ba inda za mu nufa sai gidan Gwaggo.

Bishiyar darbejiya tana nan a tsakar gida, keken yana nan a bakin taga, an rufe shi da tsohon zane. Sai da muka gama gaisuwa kaf, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ɗinkin ta duba cikinsa.

"Ina rarar da na ce a riƙa bari?"

"Na aske ta, Gwaggo."

"To, Malama. Ashe a birni ba a ƙiba, ba a kuma ɗaga ƙafa."

Gwaggo ba ta zubar da ƙyalle. Ta jawo wata kwalla cike da su, ta ce in zaɓa. Ina tonawa na ci karo da shuɗin yadi mai ƙananan furanni, ragowar rigar Sallar da ta yi mini ina aji uku. Ta ara mini zane na ɗaura, na zauna na taka keken da kaina. Ƙararsa ba ta canza ba. Na ƙara ƙyallen a gefen siket ɗin, ita kuma tana ta tura wa yayana kwanon ɗumamen tuwo. Na lura ba ta iya zura zare yanzu, kuma babu kowa a gidan sai ita.

Daga Karaye zuwa Rogo mun sha kwazazzabai da taɓo, amma na zauna daram. Mun isa ana shirin alwala. Shugabar makarantar ta sa na yi darasi a allo, lissafin kuma ya fita. Ta daɗe tana kallona.

"Malamai biyu sun zo daga Kano kafin ke, hanya ta kore su. A ina za ki zauna?"

Ni da ba na iya haɗa ido da mutane, sai na ji bakina ya ce, "A Karaye, wajen gwaggona." Ko shawara ban yi da ita ba. Shugabar ta ce za ta gwada ni zango ɗaya. Albashin ba yawa, amma aiki ne.

Da muka biyo ta Karaye na faɗa wa Gwaggo, kaina a ƙasa. Sai ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta shiga ɗakin da nake kwana a da.

Mun shigo Kano ana kiran magariba, ƙafafuna duk jar ƙasa. Na daɗe ina neman aiki inda ba wanda ya san ni, ina yanka kayana don kujerar da ban samu ba. Yanzu na san irin hanyar da zan riƙa bi kowace safiya, kuma yadin da na shimfiɗa jiya da faɗi na yanka shi.