Ofishin Akawu a Ɗakin Ajiya

Kowa a layinsu Akawu yake kiransa, har matarsa idan ta so zolaya. Tun yana saurayi yake aiki a wani kamfanin jigilar kaya. Shi ke bin sawun manyan motoci, ya san wadda ta tashi da wadda ta lalace a hanya, ya kuma ba masu kaya haƙuri a waya. Mutum ne mai tsaf-tsaf, ko biro ba ya son a gusar masa.

Da kamfanin ya saki benen da yake haya ya ce kowa ya koma aiki daga gida, abokan aikinsa murna suka yi. Shi kam gidansu ya tuna: ga Inna mahaifiyarsa, ga Yaya da iyalinsa a ɗaya sashen, ga nasa 'ya'yan, ga rediyon da ba a kashewa.

Ɗakin ajiya na bayan kicin ya zaɓa. Ya fitar da tsoffin katifu, ya toshe ramin ɓera da siminti, ya shafa farin fenti da hannunsa. Kafinta ya yi ta rage ƙafafun tebur har sai da ya zo daidai gwiwar hannunsa. Akawu ya juya shi yadda hasken taga zai sauka a fuskarsa. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi batir da sola saboda ɗauke wuta. Na'urar intanet kuwa, ya yi ta yawo da ita a tsakar gida kafin ya gano a ƙusar saman taga kaɗai take kamawa.

Mutanen gidan ne suka gagare shi.

"Tunda kana gida," in ji Yaya, yana shirin fita, "mai gyaran famfo zai zo, ka tsaya a kansa."

"Yaya, aiki fa nake yi."

"To na ce ka bar gidan ne?"

Inna ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. A ganinta uwa ba ta neman izinin shiga wurin ɗan da ta haifa. Wata rana yana tsakiyar taro da manyansa ta shigo da kwalbar magani ya karanta mata, fuskarta ta cika allon kwamfuta. Can aka kwashe da dariya. Washegari ya sa sakata. Inna ta daɗe tana amsa gaisuwarsa a daƙile, tana faɗa wa maƙwabta ɗanta ya koma kulle kansa yana hira da bango.

Matarsa ce ta tsaya masa. Ita ke kora yara waje, ta ɗage wanke-wanke sai ya tashi. A hankali aikin ya miƙe, har yana gama abin da a da sai an taru a kansa.

Manaja ya kira shi ta bidiyo yana fara'a. "Akawu, ofishin nan naka ai ya fi nawa! Ka nuna wa sababbin ma'aikatanmu yadda ka tsara shi, ka ɗan sa su a hanya."

Da zuciya ɗaya ya yi. Matasa ne a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, suna ce masa Baba. Ya koya musu inda ake ajiye tebur, da yadda ake lallashin direban da ya fusata, bai ɓoye komai ba.

Da suka iya, Manaja ya sake kira. Wannan karon bai kunna kyamara ba. Kamfani ya gode, in ji shi, amma yanayi ya canja, yaran sun fi sauƙin ɗauka, a maido kwamfuta. Akawu ya buɗe baki ke nan ya ga an katse.

Da ya faɗa a gida, Yaya ko zama bai yi ba. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. To ɗakin fa? Tunda wuta ba ta yankewa, firijin ƙanƙarar matata zai zauna daidai."

Akawu ya dubi Inna.

"Ba wa yayanka mana," ta ce. "Me za ka yi da shi kuma?"

Yanzu yana tsaron shagon wani mai sayar da tayoyi. Ya rame, maganarsa ta ragu. Lokaci-lokaci wayarsa kan yi ƙara, ɗaya daga cikin matasan ne: "Baba, mota ta ɓace mini, direban ba ya ɗauka."

Ran nan matarsa ta kasa haƙuri. "Wai don Allah me ya sa kake amsa musu? Biyan ka suke yi?"

"Ba yaron ne ya kore ni ba," ya ce, bai kalle ta ba. "Kuma direban nan yana can a daji shi kaɗai."

Ta yi tsaki ta shige ciki. Shi kuma ya mai da wayar kunne ya ce, "Faɗa mini, a ina ka ji shi na ƙarshe?"