Kafaɗu Huɗu na Sale Mai Gyale

Ku da kuka san Sale Mai Gyale kun san ba ya zuba wa namiji tuwo sai ya dubi kafaɗarsa. In ya ga mai faɗi ce, sai ya ƙara tsoka ɗaya. Ɗan daudu ne, a cikinmu mata ya yi rayuwarsa nan Ƙofar Wambai, kuma ya san mata ba sa ɗaukar makara. Kullum zancensa ke nan: maza huɗu yake nema, ba ya neman biyar.

Da waya mai hoto ta shigo, sai ya sami sana'a ta biyu. Ya jingina ta da turmi, ya ɗaura zane, ya zama matar gida tana zazzaga masifa. Ya tuɓe, ya kafa hula, ya zama mijin yana ba da haƙuri. Sannan ya haɗa su a bidiyo ɗaya. Wata ƙawata har rantsuwa ta yi ta san mijin, wai a Fadaman Mada yake faci.

Aka kai ƙararsa wurin mai unguwa, aka hana shi ɗaura zane. Ya ce ya ji, ya bi. Washegari sabon bidiyo ya fito daga wuya zuwa sama: ɗankwali, kwalli, 'yan kunne. Wai zane aka ambata, shi kuwa wando ne a jikinsa, mai shakka ya zo ya duba. Ba wanda ya zo.

Ni ma ya kwaikwaye ni. Na kalla sau biyu, na aika a kira shi. Ya zo, ya ɗauka zagi zai sha. Na ce masa ni Hajara ban taɓa ɗaura ɗankwali ya karkata hagu ba, ya je ya sake. Sau uku ina mayar da shi.

"Gwaggo, ko mai unguwa bai wahalar da ni haka ba."

"Mai unguwa bai san ɗauri ba."

Ranar da ya rasu, ɗan'uwansa ya yi masa wanka da sutura, makara tana zaure, liman na jira a waje. Mazan da suka ci tsokarsa suna tsaye nesa, kowa na jiran wani ya fara. Na ci ɗamara, na kira mata uku, muka kama makarar. Ban ɗaga murya ba.

"Ku matsa, 'ya'yana. Tunda garin ba maza, mu za mu kai shi."

Ba mu kai bakin ƙofa ba aka karɓe ta daga hannunmu. Muka koma ciki inda aka san mu, muna jin kabbarar liman ta bayan katanga.

Allah Ya jiƙan Sale, Ya yafe masa, Ya sa ya tarar da sauƙin da bai samu a wurinmu ba.